Waiwaye: Samarin Zariya da Hannun da Ba a Aro

Waɗanda suka yi wayo a cikinmu kafin siminti da bulo su mamaye garuruwanmu za su tuna zamanin da fuskar gida ita ce lambarsa. A birnin Zariya, ko cikin Kano, ko unguwar Birni ta Damagaram, idan baƙo ya tambayi gidan wani attajiri, cewa ake yi ya miƙe har ya iske zaure mai dagi a goshi da takubba biyu a gefe, ko wanda aka zana wa keke a saman ƙofa. Magini yakan hau tsani tun yaɓe yana ɗanye, ya bi shi da yatsa da ɗan ƙarfe, ya fitar da tudu da kwari, sannan ya bar wa rana sauran aikin, domin da hantsi zanen kan yi wata kama, da la'asar kuma inuwa ta juya ya yi wata. Ba ya rubuta sunansa ko'ina a jikin bangon. Amma dattijon da ke zaune a dakalin tsallaken hanya, da ya ɗaga kai sau ɗaya zai ce maka, "Wannan hannun wane ne." Kuma da wuya ka kama shi da kuskure.

Haka abin yake a wajen masu aikin babbar riga. Aska biyu da aska takwas da tambari duk gadonsu aka yi a shirye, ba wanda ya ƙirƙiro su a zamaninmu. Duk da haka, idan aka baje riguna goma a gaban wanda ya san sana'ar, zai ware maka su ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan na gidan su wane ne, wancan kuma yaron wane ne ya yi, bai gama nuna ba. Daga yadda aka ja zare, da yadda aka karya kwana, da inda aka bar fili ba a cika ba, ake gane mutum.

Yau 'ya'yanmu da jikokinmu sun rungumi zane fiye da yadda muka taɓa zato, kuma abin farin ciki ne. Ka buɗe Facebook ko Instagram, za ka ga yaro a Kaduna ko Maraɗi ya zauna da fensir da gawayi ya fitar da fuskar wani gwamna ko wata jarumar fim, har da ɗigon gumi a goshi. Jama'a su yi ta yabo, suna cewa wallahi kamar hoto. Yaron ya ji daɗi, mu ma mu taya shi. Sai dai idan ka jera aikin yara ashirin irinsa, ba za ka iya cewa wannan na wane ne ba. Masu zurfin tunani a cikinsu sun fara jin wannan a jikinsu, suna tambayar yadda mutum ke samun salon kansa. Amsar kuwa a ƙasarmu aka taɓa bayar da ita, a Samaru ta Zariya, shekara sittin da 'yan kai da suka wuce, mu ne dai muka bari ta shige mana duhu.

Kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a wurin akwai kwalejin fasaha da kimiyya ta Najeriya, wadda aka dawo da sashen zanenta daga Ibadan zuwa Zariya a 1955. A nan ne ɗalibai daga kowace kusurwa ta ƙasar suke zuwa neman ilimin zane mai zurfi. Yawancin malaman Turawan Ingila ne, kuma abin da suka sani shi suke koyarwa: yadda ƙashi da tsoka suke a jikin ɗan Adam, yadda abu na nesa ke ƙanƙancewa a ido, yadda haske ke sauka a kan kwalba da 'ya'yan itace da aka jera a tebur, da tarihin gwanayen Italiya da Faransa. A cikinsu akwai mace 'yar ƙasa, Clara Ugbodaga-Ngu, wadda aka haifa a Kano ta kuma yi karatu a Landan. Tun kafin wannan lokaci, Aina Onabolu na Legas ya riga ya nuna wa duniya cewa baƙin mutum zai iya zana fuska da fenti yadda Bature ke yi, ba ragi. Wannan gardama ta mutu. Wadda ta rage ita ce, bayan ka iya irin nasu, kai kuma ina naka?

A watan Oktoba na 1958, saura shekara biyu a sami 'yancin kai, wasu ɗaliban sashen suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke, da Oseloka Osadebe, da Emmanuel Odita da wasu 'yan kaɗan. Samari ne 'yan shekara ashirin da wani abu, ba kuɗi, ba suna. Sukan taru su yi ta muhawara a kan abin da ya kamata mai zane ya zama a sabuwar ƙasa. Idan an tafi hutu, kowa ya koma garinsu ya tambayi tsofaffi, ya tattaro tatsuniyoyi, ya kalli sassaƙa da saƙa da adon bango na mutanensa, in an dawo ya baje wa 'yan uwa abin da ya samo. A 1960 Uche Okeke, wanda ya zama shugabansu, ya rubuta manufarsu. Taƙaitaccen abin da ta ƙunsa shi ne, kada su watsar da ilimin da suka samu a aji, kada kuma su koma suna maimaita aikin kakanni kamar ba a yi zamani ba. Su ɗauki mai kyau na nan da mai kyau na can, su bar su su gauraya a hannun kowa ba tare da an tilasta ba.

Daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya, kuma sunan ya bi su har yau. Amma kada matashin da ke karanta wannan ya ɗauka ƙaurace wa aji suka yi. Aikin da malami ya bayar suna yin sa, su yi shi da kyau, su ci jarrabawa. Nasu na kansu kuwa sai an tashi, a ɗakin kwana ko a ranakun hutu. Ƙungiyar ma ba ta daɗe ba, a 1961 ta watse da manyanta suka kammala karatu. Shekara uku kacal ta yi, amma har gobe ba a ba da tarihin zanen zamani a Afirka a tsallake ta.

A nan akwai abin da ya kamata mu tsaya a kai, domin zamanin nan na gaggawa ne. Yaro ya fara riƙe buroshi bana, baɗi yana neman a ce yana da salo. Magabatanmu ba su san wannan ba. Yaron magini yakan shekara da shekaru yana kwaɓa ƙasa da ciyawa, yana mulmula tubali, yana cilla wa maigidansa a saman gini, yana koyon yadda ake jiƙa makuba da yadda ake jera azara, kafin a yarda ya taɓa fuskar zaure. Ranar da aka ba shi bango, hannunsa ya riga ya san ƙasa, ya san lokacin da take karɓar zane da lokacin da ta bushe ta ƙi. Da koyo akan iya. Wanda bai iya zana hannun mutum da yatsu biyar daidai ba, idan ya karkata su ya ce salo ne, masana za su gane gazawa ce ya yi wa lulluɓi. Samarin Zariya sun iya na aji tukuna, shi ya sa da suka kauce masa kowa ya san da gangan suka kauce.

Labarin Uche Okeke ya fi kusa da mu fiye da yadda da yawanmu suka sani. An haife shi a 1933, asalin iyayensa mutanen Nimo ne a ƙasar Ibo, amma a Kafanchan ya yi ƙuruciyarsa, garin jirgin ƙasa, cikin Hausawa da sauran ƙabilun kudancin Kaduna. A Kafanchan ɗin ma ya fara kafa 'yar cibiyarsa ta al'adu, wadda daga baya ta koma gabas ta zama cibiyar Asele. Abin da ya yi ta nema a littattafai da gidajen tarihi, ashe yana cikin ɗakin mahaifiyarsa. Ita gwana ce a uli, wato adon da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki. Ruwan 'ya'yan wata itaciya suke amfani da shi, su ja layi siriri a fata, ya yi baƙi, bayan kwanaki ya goge, kusan yadda lallenmu yake. A idon 'yan boko na lokacin, wannan aikin matan ƙauye ne, ba abin da mai difloma zai waiwaya ba. Shi kuwa ya zauna a gabanta ya koya.

Abin lura shi ne yadda ya ɗauka. Bai kwashi alamomin uli ya manna a takarda ya ce ga nawa ba. Abin da ya tsinta shi ne tafiyar layin kansa: yadda yake fita a numfashi ɗaya ba a ɗaga hannu ba, yadda yake lanƙwasa ya naɗe, da yadda ake barin fili fari ya yi magana kamar yadda baƙin ke yi. Da wannan layi ya zana mutane da dodannin tatsuniya da daji. Kuma salon bai nuna sosai ba sai bayan ya bar Zariya, a zanukan alƙalami da tawada da ya yi a 1962. Akwai kuma wani bugu na littafin Chinua Achebe, Things Fall Apart, da aka fitar ɗauke da zanensa a ciki. Bayan yaƙin basasa ya karɓi shugabancin sashen zane na jami'ar Nsukka, inda ya raini ɗalibai irin su Obiora Udechukwu, har duniya ta san wurin da wannan salo. Ya rasu a 2016. Abin da tsohuwa ke yi a tsakar gida ya zama darasin jami'a, don ɗanta bai raina shi ba.

Mu tambayi kanmu, matasanmu nawa ne masu zane suka taɓa zama kusa da kakarsu tana saƙa faifai, suka lura da yadda take shigar da ja cikin baƙi? Nawa ne suka tsaya a rumfar mai sassaƙar ƙwarya suka ga yadda yake ƙona wuƙa ya bi da'ira ba tare da ya auna ba? Dukawa na nan suna yanka fata ja da kore suna jerawa, masu zayyana na nan suna ƙawata allon sauka da tawada da launuka, masu hula na nan suna ƙirga zare. Muna wuce su kullum a hanyar kasuwa, idonmu na kan waya, muna kallon abin da wani ya zana a Amurka.

Sauran abokan Okeke kowa da inda ya dosa, kuma wannan shi ne abin sha'awa a labarin. Yusuf Grillo, ɗan Legas da aka haifa a 1934, shuɗi ya kama. Shuɗin adire ne, rinin matan Yarabawa, ɗan uwan shunin da ake tsomawa a marinar Ƙofar Mata. Matan da yake zanawa dogaye ne, masu dogon wuya da ɗaurin kai, jikinsu a yanke cikin kusurwoyi kamar an auna da ma'auni, ko'ina shuɗi da shunayya. Ba mai gaggawa ba ne, zane ɗaya yakan daɗe a hannunsa. Musulmi ne, amma gilasan tagogi masu launi na coci-coci da dama a Legas aikinsa ne. Ya daɗe yana jagorantar sashen zane a kwalejin fasaha ta Yaba, shi ne kuma shugaban farko na ƙungiyar masu zane ta Najeriya. Har ya rasu a 2021, ko daga nesa aka hango aikinsa an san nasa ne.

Demas Nwoko kuwa, bayan fenti, ya koma ga yumɓu yana nazarin gumakan Nok da aka tono a kudancin Kaduna, daga nan ya zarce gini, yana amfani da jar ƙasa da dabarun shigar iska da haske irin na gida. Cocin Dominican da ke Ibadan aikinsa ne. A 2023, yana da shekara kusan casa'in, aka ba shi babbar lambar yabo ta zakin zinariya a bikin gine-gine na birnin Venis a Italiya. Shi kuma Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932 a ƙasar Urhobo, tatsuniyoyin mutanensa ya riƙe, ya zama gwanin zanen da ake sassaƙawa a faranti a buga a takarda. A 1967 ruwan asid ya ɓata masa wani farantin ƙarfe da yake aiki a kai. Maimakon ya jefar, sai ya cike ramukan da wani irin gam mai ƙarfi, da ya buga sai ya ga tudu da kwari masu ban sha'awa da bai taɓa samu ba. Daga wannan ɓarna ya fitar da dabarar da ta zama tambarinsa. Sa'a ce, amma sa'ar ta iske shi a bakin aiki, kuma idonsa ya riga ya goge har ya gane alheri a cikin abin da wani zai kira asara.

Ga mutum huɗu, makaranta ɗaya, malamai ɗaya, aƙida ɗaya, amma ko yaro ba zai haɗa aikin Grillo da na Okeke ba. Da a ce salo abu ne da ake rabawa a aji, da sun fito iri ɗaya. Abin da suka yi tarayya a kai hanya ce kawai: ka ƙware, ka koma ga abin da idonka ya sha tun kana goye, ka yi ta aiki har su biyun su saba da juna. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma gidajen nasu ba ɗaya ba ne.

Akwai na biyar da ya kamata mu riƙa ambata fiye da yadda muke yi, wato Jimoh Akolo, mutumin Egbe a jihar Kogi ta yanzu. Abokin tafiyarsu ne kuma yana cikin waɗanda suka fi kowa iya fenti a ajin, amma ya ja jikinsa daga ƙungiyar, domin bai yarda a gindaya wa mai zane abin da zai zana ba. Abin mamaki, shi ne wanda ya fi kowa buɗe ido ya kalli garin da suke zaune a ciki. Ya zana mahaya dawaki da makaɗa da 'yan dambe, ya kuma ɗauki tsarin adon gine-ginen Hausa ya shigar cikin yadda yake raba fili da launi. Ya yi shekaru masu yawa yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya rasu a 2023. Ko a cikin masu neman 'yancin hannu, an sami wanda ya ce shi ma sai an bar shi ya bi tasa hanyar, kuma tarihi bai ce ya yi laifi ba.

To mu fa, masu garin? Baƙi sun zo daga kudu sun zauna a Samaru, sun ga katangunmu, sun ga rininmu da hawan sallarmu, abin ya tuna musu da na gidajensu, suka koma suka tono. Mu kuma a daidai waɗannan shekaru muka fara jin kunyar ginin ƙasa. Wanda ya sami kuɗi sai ya rushe zauren kakansa ya ɗora bulo da kwano. Wanda bai rushe ba ya shafe zanen da siminti ya bi da fenti ɗaya fal. A ƙarni na 19, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara, da bakan gizo da ɗaurin guga waɗanda har yau masana gini daga ƙasashen duniya ke zuwa kallo. An kewaye abin da ya rage nasa da sabon gini, an kuma yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Yara nawa ne a makarantunmu suka san sunan wannan bawan Allah? Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna nan a Kano, ƙofa a buɗe, amma sau da yawa baƙi sun fi 'yan gari shiga.

Kuma kada a ce adon nan namu tsohon yayi ne da ya tsaya wuri ɗaya. Maginan da suka sa keke da agogo da mota da jirgin sama a fuskar zaure, a gefen dagi da takobi, ai abin da samarin Samaru suka rubuta a takarda shi suke yi da yatsunsu, ba tare da sun taɓa jin labarin wata ƙungiya ba. Sun ga sabon abu ya shigo gari, suka ɗauke shi suka sa masa rigar gida. Masu fentin manyan motoci da ke zana zaki da dawisu da furanni a bayan gingimari su ma haka. Gadon namu a raye yake lokacin da muka juya masa baya.

Wani abin da ya faru a Sudan ya ƙara fito da wannan darasi, kuma ya shafe mu domin tarbiyyarmu ɗaya da mai labarin. Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo ne. Ya tafi Landan ya yi karatu a makarantar Slade, ɗaya daga cikin manyan makarantun zane na Ingila, ya dawo gida a 1957 da ƙwarewa ba ta wasa ba. Ya baje kolin aikinsa a Khartum, amma mutanensa ba su karɓa ba, domin ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya shiga lura da abin da jama'a ke ratayewa a ɗakunansu, ya ga rubutun Larabci ne da adon fata da na saƙa. Ya koma ga harafin da ya koya a allo yana yaro, ya riƙa jan sa yana buɗe shi, har siffofi suka fara fitowa daga cikin lanƙwasar baƙaƙen. A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kobar wata shida ba shari'a, a can ma bai daina ba, yana zane a ɓoye a kan 'yan guntayen takarda. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya shirya baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya, shi ne ɗan Afirka na farko da aka yi wa haka a wurin. Garin da ya koya masa fenti bai karrama shi ba sai da ya koma masa da abin da ya ɗauko daga gidan ubansa.

Wane ne a cikinmu bai riƙe allo ba? Wane ne bai dafa tawada ba, bai fere alƙalamin gamba ba, bai ga yadda malam ke jan wasali da ja ba? Rubutunmu na allo mai kauri da nutsuwa yana da kamar da ba ta Masar ba ce, ba kuma ta Istanbul ba. Na san iyaye da yawa suna ɗari-ɗari da zane saboda maganar surar abu mai rai, kuma wannan fage ne na malamai, su za a tambaya. Amma ko wanda ya zaɓi ya nisanci sura gaba ɗaya, filin da ya rage masa ba ya ƙarewa. Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna ƙawata bango da riga da littafi da sirdi da layi da da'ira da launi kawai, kuma ba wanda ya ce aikinsu bai cika ba.

Sai dai a yi hattara da wani tarko. Komawa gida ba shi ne a manna dagin Arewa a kusurwar kowane zane ba, ko a yi ta maimaita 'yar Fulani da ƙwaryar nono a ka don masu yawon buɗe ido su saya. Wannan ma kwaikwayo ne, kayan aro ne ko da daga ɗakin uwarka ka ɗauko, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Abin da Okeke ya yi da uli, da abin da El-Salahi ya yi da harafi, shi ne sun zauna da abin har suka gane dalilinsa: me ya sa layin ya bi nan bai bi can ba, me ya sa aka bar wannan gefe fayau. Wanda ya gane dalili zai iya zana tashar mota ko cunkoson 'yan adaidaita sahu a Kano, ba dagi ko ɗaya a ciki, amma duk wanda ya gani ya san idon Bahaushe ne ya kalla.

Yanzu ga shi an wayi gari kwamfuta na fitar da hoto cikin ƙiftawar ido, a kowane salo aka umarce ta. Wanda duk jarinsa shi ne ya zana abu ya fito kamar hoto, na'ura ta riga ta sha gabansa, ta kuma fi shi araha. Abin da ba ta da shi shi ne ƙuruciyar da ka yi a unguwarku, da launin ƙurar hunturu a kan ganuwa da ka taso kana gani, da yadda kakarka ke naɗa zane. Wannan kai kaɗai ke da shi, kuma ba ya fita a rana ɗaya. Gani Odutokun, wanda ya koyar a Zariya har ya rasu a haɗarin mota a 1995, yakan tsiyaya fenti mai ruwa a kan ƙyalle ya bar shi ya gudana, sannan ya bi shi ya sarrafa. Mai kallo zai ce wasa ne, amma shekarun da ya yi yana horar da hannunsa su ne suka ba shi ikon sanin inda zai tsayar da shi.

Don haka, 'ya'yana masu zane, ku kwaikwayi gwanaye don ku koya, ba laifi ba ne, kowa da haka ya fara, amma kada ku tare a nan. Ku riƙe ɗan littafin zane a aljihu, ku zana abin da ke gabanku da ido, ba daga waya ba: mai shayi, awaki a bakin kasuwa, inuwar zanko a kan bango. Ku nemi tsohon magini ko baduku ko mai zayyana a garinku, ku gaishe shi da ladabi, ku zauna ku yi tambaya tun yana da rai. Ku ajiye tsofaffin ayyukanku, ku riƙa baje su lokaci-lokaci, za ku ga wani launi ko wani jan layi da ke ta dawowa ba da saninku ba. Wannan shi ne naku, sai ku bi shi ku raine shi. Kada yabon masu cewa kamar hoto ya ruɗe ku, kada kuma shirun kasuwa na shekara ɗaya ko biyu ya karya muku gwiwa.

Mu kuma iyaye da malamai da masu riƙe da sarautun gargajiya, namu ya fi sauƙi. Mu daina rushe abin da ya rage na zaurukan da aka yi wa ado, mu kai yaran makaranta su gan su, mu sa sunan Babban Gwani a darasi kusa da sunayen sarakunan da ya yi wa gini. Idan yaro ya nuna hannu, a saya masa takarda da fenti, a kuma haɗa shi da mai sana'ar gargajiya na unguwa kamar yadda ake haɗa shi da malamin lissafi. Samarin 1958 sun yi nasu, yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Masu sana'ar da za a koya a wurinsu kullum raguwa suke yi, saboda haka wanda zai je, ya je yanzu.